Sitiyarin Logitech G29: me zai koya maka daga tuƙin Hamilton?

Matasan Nima da Mamobi a Accra da ke bin tseren Formula 1 sun fara saka kuɗi a sitiyarin wasa, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne Logitech G29, sabo ko na hannu. Tun 2015 ya shigo kasuwa. Yana aiki da PS4 da PS5 da kwamfuta. Mai Xbox sai ya nemi ɗan'uwansa G920.

Wasu masu saye direban Formula 1 Lewis Hamilton ne ya jawo su. Yaro ne da ya fara da ƙananan motocin tsere yana shekara 8, ya shiga Formula 1 da McLaren a 2007, ya ci kambun duniya a 2008, ya ƙara shida da Mercedes tsakanin 2014 da 2020, sannan ya koma Ferrari a 2025. Ya ci tsere sama da 100. Gwanintarsa a birki take: yakan jinkirta takawa har kwana ta matso, ya taka da ƙarfi da ƙafar hagu, sannan ya riƙa saki a hankali yana karya sitiyari. Da wannan ma'auni muke duba G29.

Sitiyarin kansa ya yi. An naɗe shi da fata, maɓallan canza giya na bayansa ƙarfe ne, kuma ƙananan injuna biyu na ciki suna mayar wa hannu abin da taya ke ji. Idan bayan mota ya fara zamewa a ruwan sama a filin tseren Silverstone na Ingila, inda Hamilton ya ci sau 9, hannu zai sani kafin ido. Yana juyawa digiri 900, amma don Formula 1 a saita shi a 360, in ba haka ba kwana za ta wuce kana kan murɗawa. Haƙoran giya ne ke juya shi, shi ya sa yake kakat-kakat idan ka hau gefen titi. Da dare maƙwabta a gidan haya za su ji.

Rauninsa yana ƙasa, wurin feda uku: totur da birki da kuloci. Direban gaske yana danna birki da nauyin da ya haura kilo 100, motar kuma ƙarfin dannawa take amsawa. Birkin G29 nisan da feda ta shiga yake aunawa, an dai cusa roba a cikin sifirin don ta yi tauri a ƙarshe. Saboda haka sakin nan na sannu-sannu yana wuya, taya ta kulle, mota ta miƙe. Gyaransa a cikin wasan ne: a saita birki ya kai ƙarshensa kafin feda ta danne robar. Sai a kashe taimakon birki, a tafi kwanar farko ta filin tseren Monza na Italiya a cikin wasan, inda gudu ke faɗowa daga sama da kilomita 330 zuwa ƙasa da 100, a yi ta maimaita taka birki daga allon da ke nuna saura mita 150 a kai kwanar.

Ƙurar hunturu babbar abokiyar gabarsa ce. Tana shiga 'yar na'urar da ke auna motsin feda, sai ka ga totur yana rawa a allo ƙafarka ba ta motsa ba. A kwance sukurorin ƙasa, a fesa ruwan wanke kayan lantarki, a taka sau da yawa, a bari ya bushe. Kada a zuba man inji. Kan tayil kuma fedar tana gudu, sai an tokare ta da katako a jikin bango. Ga ɗauke wuta: a haɗa adaftarsa da sitabilaiza, domin dawowar wuta da ƙarfi kan ƙona ta.

Mai sayen na hannu, kada ya biya sai an jona a gabansa. Lafiyayye zai juya da kansa hagu da dama har ƙarshe, ya tsaya cak a tsakiya. Idan ya karkace ko ya tsaya rabi, a bar wa mai shago kayansa. Sandar giya daban ake sayar da ita, kuma mai Formula 1 ba ya bukatarta. Gara kuɗin ya tafi kan tebur mai nauyi da ba zai girgiza ba.