Kafin ka biya kuɗin Prius, duba irin fitilar da ke gabanta

Tun da anka cire tallafin mai a watan Mayu 2023 kowa ya koma cigiyar mota mai haibrid, wato mai aiki da mai da batir, kuma duk wanda ya zo wurina shawara tambaya ɗaya ce, batir na da lafiya? Daidai ne, amma ni abin da ya wahalar da ni a tawa ba batir ba ne, fitilar gaba ce. Wani dare muna dawowa daga Tambuwal ni da ƙanena, mun wuce Bodinga kaɗan, sai fitilar dama ta ɗauke haka kawai. Na kashe na kunna ta dawo, bayan minti goma ta sake. Ƙanena ya ce Yaya mu tsaya mana, na ce a ina, cikin wanga duhu? Haka munka lallaɓo har gida hannuna na kan makunni.

To fitilun nan iri uku ne kuma kuɗin gyaransu ba ɗaya ba ne ko kusa.

Wadda ta yi min wancan aikin ita ce HID, wasu na ce mata zenon. Ana samunta a wasu Prius na 2004 zuwa 2009, masu cikakkun kaya. Ba ta da zare a cikin ƙwai irin na fitilar da munka saba, iska ce a ciki, akwai wani ɗan akwati da ake kira balas wanda ke harba wuta sama da bolt 20,000 don ya tada ta sannan ya riƙe ta a wat 35. Idan ƙwan ya tsufa sai ya riƙa mutuwa yana farfaɗowa, haskensa ya koma kamar ruwan hoda. Ba mu kaɗai ba ne, a Amurka ma masu motocin 2006 zuwa 2009 sun kai ƙara, a 2011 anka yi sulhu Toyota ta tsawaita garantin fitilar zuwa shekara 5 ko mil 50,000. Garantin nan ya ƙare tun kafin motar ta hau jirgin ruwa, kai da ka saye ta a Sakkwato aljihunka ne garanti.

Inda kuɗi ke tafiya shi ne wurin lalube. Mai wayarin da na fara kai wa, ba zan faɗi garejin ba, ya ce Alhaji balas ne, na saya anka kwance bamba anka sa, kwana uku ta koma gidan jiya. Ashe ƙwai ne tun farko. Da ya musanya na hagu da na dama ya ga ko matsalar ta bi ƙwan da an gama magana. Sannan a kula, motocin 2004 da 2005 ƙwai mai lamba D2R suke ɗauka, 2006 zuwa 2009 kuma D4R, ba sa shiga wa juna don wutar da suke ci ta bambanta, amma za ka samu mai shago ya ce maka duk ɗaya ne a ɗan fere bakin ya zauna. Kar ka yarda. Kuma biyu ake canzawa tare in ba haka ba ido ɗaya fari ɗaya shuɗi.

Ta biyu halojin, fitilar talaka. Ƙwan H4 a tsohon yayi, H11 a na 2010 zuwa 2015, duk shagon kayan mota a gari akwai shi kuma kuɗin ƙwan HID na kirki guda ɗaya zai saya maka su da yawa. Haskenta bai kai ba, gaskiya ne. Ita ma tana da nata laifin, na 2010 da 2011 an san su da saurin ƙona ƙwai saboda wutar da ke isa gare shi ta ɗan yi yawa, maganin da kamfanin ya fitar shi ne ƙarin waya da ke rage ta. Tambayi dillali ko an sa, galibi zai ce bai sani ba, to ko ba a sa ba asarar ba ta taka kara ta karya ba. Kar dai yaron gareji ya kama gilashin ƙwan da hannu, maiƙon yatsa na rage masa kwana.

LED ta kamfani, wadda ta zo da manyan samfurin 2010 zuwa sama, ita ta fi daɗewa, sai dai ranar da ta mutu ko ɗan kabu-kabu ya fasa ta ba maganar ƙwai, gidan fitilar gaba ɗaya za ka nema, wataƙila sai an aiko daga Kano ko Legas. Su kuwa ƙwayayen LED na Chaina da ake cusawa a gidan halojin ni ban ba da shawara ba, ɗan fankan da ke bayansu ƙurar hunturu na toshe shi, zafin Afrilu ya ƙarasa, ga kashe wa na gabanka ido a hanyar Illela.

In ka je duba mota kar ka je da tsakar rana ka kunna ka kashe ka ce lafiya lau. Je bayan Magariba, ka bar fitila a kunne kamar rabin awa kuna ciniki, mai ciwo sai ta yi zafi take nuna hali. HID za ka gane ta, tana fara da shuɗi sannan ta washe cikin 'yan daƙiƙu. Duba ko akwai raɓa a cikin gilashi don balas a ƙasan gidan yake, ruwan damina in ya shiga can yake kwanciya. Gilashin da rana ta mayar rawaya ana goge shi, wannan ba abin fasa ciniki ba ne. A gwada ƙaramin batir mai bolt 12 shi ma.

Ni dai da zan sake saye yau halojin zan ɗauka. In kuma wadda ta kwanta maka a rai HID ce, cire kuɗin ƙwai biyu na asali da balas ɗaya daga farashin tun a wurin ciniki, ka nuna wa dillalin fitilar da idonsa.