Ta ɓamɓare kan sarkin kafin ta aiko: sharhina kan tsofaffin katunan Halowin da na saya

Tauraro biyar na yi niyyar ba matar da ta sayar min da katunan nan, Allah ya sani. Saƙon ya iso cikin kwana huɗu, kwali mai ƙarfi, kowane kati cikin ledarsa, ba lanƙwasa ba jiƙewa. Katin gidan waya 12 da kyanwar kwali ɗaya, dala 165 har da kuɗin aikowa. Duk mai bin gwanjon irin kayan nan ya san ba a samun wannan farashi a watan Oktoba, watan da ake bikin Halowin da adon kabewa, shi ya sa ni sai Fabrairu nake sayayyata, lokacin da kowa ya manta da kabewa.

Kafin wani ya ja min aya: ba bikin nake yi ba, takarda nake so. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a maɗaba'a ya yi aiki a Zariya har ya yi ritaya, tun ina 'yar firamare nake rarrabe takarda da hanci. Da zama ya kawo mu jihar Minnesota a Amurka, kusa da Anoka, garin da tun 1920 yake shirya bikin Halowin na gari guda har yana kiran kansa hedikwatar Halowin ta duniya, sai na ci karo da katin farko a wani shagon tsofaffin kaya. Abin da ya ɗaure min kai shi ne babu yara masu bin gida-gida neman alewa kamar 'yan tashe a jikin katunan wancan zamani. Wannan al'ada daga baya ta yaɗu. Katunan wajejen 1910 da yawansu maganar aure ce da camfi: budurwa riƙe da kyandir gaban madubi da tsakar dare tana jiran ganin fuskar wanda za ta aura, wata tana jefa ɓawon tuffa ta bayan kafaɗa don ya faɗi da siffar harafin farko na sunansa. Mayya da mujiya da jemage suna nan, amma a gefe, kamar 'yan rakiya.

To, saboda kati ɗaya na sayi tarin gaba ɗaya. Wata yarinya ce mai kumatu, ta rungume kabewar da ta fi kanta girma, an fafe ta an yanka mata ido da baki. A ƙasa ga sa hannun mai zanen, Ellen H. Clapsaddle, zanen kamfanin International Art Publishing na New York, bugun Jamus. In ka shafa da yatsa za ka ji kabewar ta taso, don matsa takardar aka yi da ƙarfe. Launukan kuwa bugun dutse ne, kowane launi da nasa dutsen, a bi takarda ɗaya sau da yawa ba tare da layi ya kauce ba. Da Baba na raye da ya wuni yana juya katin nan.

Matsalar irin wannan kati ita ce ba shekara a fuskarsa. Na kamfanin John Winsch sun fi sauƙi, su ana rubuta shekarar haƙƙin mallaka a jiki, 1911, 1912, 1913, ka karanta ka wuce. Wannan kuwa sai ka juya baya ka nemi hatimin gidan waya. A hoton da matar ta ɗora, bayan katin yana da kan sarki kore na santi 1 mai kan Benjamin Franklin, kuma wanda ya buga hatimin ya buga shi a karkace, rabin da'irar a kan katin, rabi a kan kan sarkin. Sunan wata da rana sun fito, 29 ga Oktoba. Shekarar ce ta hau kan kan sarkin, hoton kuma dishi-dishi, “19” kawai nake iya gani. Na ce ba komai, in ya zo hannuna na sa madubin ƙara girma na karanta.

Na buɗe leda, na juya kati. Babu kan sarki. Wani fili ne mai kusurwa huɗu, fari fat a tsakiyar takardar da ta yi ruwan ƙasa, ga ragowar gam yana ƙyalli. Rabin da'irar hatimin na nan tsaye kamar an gutsire wata. Kuma da alama da tururi aka cire, domin tawadar saƙon da ke kusa ta narke ta bazu. Layi biyar ne wata ta rubuta wa 'yar'uwarta, yanzu biyu kawai ke karantuwa, inda take ce mata ta zo da wuri kuma ta taho da tuffa. Na juya sauran. Guda bakwai aka taɓa aikawa ta gidan waya, duk bakwai ɗin an yi musu haka.

Na jima zaune ban ce komai ba. Maigida ya leƙo ya ce, “Hajiya, yanzu a kan abin santi ɗaya za ki hana mu cin tuwon dare?” Na ce, “Maigida, ba kan sarkin ba ne, shekarar ce ta tafi da ita.” Ya ce ai sai in ƙirƙiro wata in rubuta, wa zai sani. Ban kula shi ba.

Wanda ba ya wannan harka zai ga ɓata lokaci ne, amma rabin daɗinta bincike ne. Ina da littafi da nake rubuta kowane kati: mai zane, kamfani, garin da aka aika, ranar da aka aika. Yanzu ga abin da ya rage min game da yarinya mai kabewa. Bayan katin rabe yake gida biyu, saƙo a hagu adireshi a dama, kuma gidan wayar Amurka bai yarda da wannan tsari ba sai 1 ga Maris 1907, ke nan bai riga 1907 ba. Bugun Jamus ne, harajin da Amurka ta ƙara a 1909 ya rage shigowar katunan Jamus, yaƙin 1914 ya zo ya ƙarasa cinikin. Kan sarkin da na gani a hoto Franklin ne, kuma a 1912 aka sauya na santi 1 aka sa kan George Washington. To ina tsakanin 1907 da wajejen 1912, shekara biyar ko shida ina lalube, alhali amsar tana manne a jiki sama da shekara ɗari, sai da ya rage kwana huɗu ya iso hannuna aka cire.

Na rubuta mata cikin ladabi, har da hoton da ita ta ɗora da wanda na ɗauka. Amsar farko ta ƙara min zafi. Wai jikanta ne ke tara kan sarki, duk katin da ta sayar sai ta cire masa, ba wanda ya taɓa kuka, kuma ai hoton gaba na saya. Na ce mata abin da aka nuna min na saya, gaba da baya. Kwana biyu shiru. A na uku sai ga doguwar wasiƙa. Ta ce kayan surukarta ne da ta rasu, a ɗakin saman gida suka same su cikin akwatin takalmi, ita ba ta san ana duba hatimi ba. Ta mayar min da dala 25, ta ce kuma akwai abin da ke hanya.

Abin da ya zo ya ba ni dariya duk da haushi. Kan sarki kore guda uku ne a cikin ambulan, duk Franklin, kowanne da guntun hatimi, da 'yar takarda wai jikan ya riga ya haɗe su da nasa, in gwada in ga wanne ya dace. Na gwada. Na ɗora kowanne a gurbin, na juya, na haska. Ɗaya layukan soke ne kawai a kansa, ɗaya da'irarsa ta fi girma, na ukun ya kusa amma tawadarsa ta fi duhu. Sai dai a ƙasan ambulan ɗin ta sako wani ɗan kwali ƙarami kamar na ashana, na kamfanin Dennison na Framingham a jihar Massachusetts, cike da 'yan hotunan mujiya masu gam a baya, irin waɗanda ake lasa a manna a ambulan. Wannan kamfani ne ya riƙa fitar da ɗan littafin nan Bogie Book, na farko a 1909, mai koya wa matan gida yadda za su ƙawata falo da takardar ado, don dai su sayi tasa. Na ƙirga mujiyoyin, 19, gam ɗin ya tsage saboda tsufa amma ba wadda ta manne da 'yar'uwarta. Na asali ne, babu ko tantama. Nan take zuciyata ta yi sanyi. Na ce tsohuwa ce, rashin sani ya fi dare duhu, tauraro huɗu ya ishe ta.

Da na tsaya nan da shi ke nan. Sai a daren na tuna ban ko duba kyanwar ba, fushin kan sarki ya sa na jingine ta a kan shiryayye. A talla an rubuta ta Jamus ce, ta shekarun 1920. Na asalin kwali ne mai kauri, an matsa shi sosai har gashin bayan kyanwar da haƙoranta sun taso, in ka juya baya ka ga ramin kowane layi. Wannan shafal take kamar bangon littafi. Na kashe wuta na ɗauko 'yar tocilan ɗina mai hasken shuɗi, irin wadda 'yan canji ke duba jabun kuɗi da ita. Katunan duk suka yi shiru, dusu-dusu, yadda tsohuwar takarda ke yi. Gefen kyanwar kuwa ya ɗauki haske kamar farar shadda a gidan biki. Sinadarin da ke sa takarda wannan ƙyalli sai a shekarun 1950 ya shiga masana'antar takarda. Na sa madubi, baƙin jikinta ɗige-ɗige ne na injin zamani. Na shinshina bayanta inda ya yi ruwan ƙasa. Shayi. Wallahi shayi aka shafa mata don ta tsufa. Ashe kallon kitse na yi wa rogo.

Ba haramun ba ne a sake buga tsohon zane. Kamfanin Beistle na Shippensburg a Pennsylvania, wanda aka kafa a 1900, har yau yana sake fitar da tsofaffin zanensa, kuma yana faɗa ƙarara sababbi ne, ka saya da 'yan daloli ka rataya. Amma sabon kwali mai warin shayi me ya kai shi akwatin takalmin surukar da ta rasu? Ko dai ita ma wani ya cuce ta ta cusa min, ko labarin ɗakin sama ne ke da gyara. Da na tambaye ta sai ta ce ita ba ƙwararriya ba ce, yadda ta samu haka ta sayar. Amsar da ta ba ni ke nan a kan kan sarki, kuma duk haushin ya dawo min sabo, har na layi ukun da tururi ya cinye.

Na lissafa kyanwar a dala 50 cikin cinikin, ba ta mayar da ko santi a kanta ba, ni kuma na gaji da rubutu. Tauraro biyu na ba ta, ɗaya don kunshin kaya, ɗaya don mujiyoyi. Kyanwar tana manne a ƙofar firiji, autana ya yi mata gashin baki da biro.

Jiya na ga ta sake ɗora wasu katuna takwas, biyu na Winsch ne, ɗaya da hatimi raɗau. Na aika mata layi ɗaya, don Allah kada ta bari kowa ya taɓa bayansu. Ba ta amsa ba tukuna, gwanjon kuma ranar Alhamis zai rufe.