Cin abinci a Santambul: lokanta, gidan gashi ko gidan kifi?

Da yawa cikin 'yan kasuwarmu da ke zuwa saro kaya unguwannin Laleli da Merter na Santambul suna dawowa da magana guda: wai abincin Turkawa burodi ne da nama salam. In ka bi diddigi sai ka tarar mutum ya yi mako guda bai wuce shagon da ke gindin otal ɗinsa ba, wanda yaro ke tsaye a ƙofa yana kiran masu wucewa da Larabci. Irin wannan shago ana buɗe shi ne domin baƙon da ba zai dawo ba. Baturken da ya san garinsa, idan yunwa ta kama shi, sai ya fara yanke abin da yake son ci, sannan ya nufi gidan da sana'arsu ke nan tun zamanin kakansu. Kowane gida da abin da ya gada, kuma zaɓen gidan shi ne rabin cin abincin.

Wanda na fi ba mutum shawarar ya fara da shi shi ne esnaf lokantası, wato gidan abincin masu sana'a da 'yan kasuwa. Za ka gan su a lungunan da ke kewaye da babbar kasuwar Kapalıçarşı, da Sirkeci, da bayan manyan titunan Aksaray. Ba ka buƙatar Turkanci ko kalma ɗaya. Kana shiga za ka ga manyan tire jere a bayan gilashi, tururi na tashi, sai ka nuna da yatsa. Girkin gida ne wanda aka ɗora tun asuba: farin wake a romon tumatir da man shanu, kuɓewa 'yar ƙanana da aka dafa ɗungum da lemon tsami don kada ta yi yauƙi, baƙin yalo da aka tsaga aka cika da niƙaƙƙen nama, naman tunkiya da dankali, kaza, alayyafo da kindirmo a kai. Shinkafarsu da man shanu ake turara ta, kuma ba ita ce uwar abincin ba, ɗan rakiya ce a ƙaramin faranti. Mai son ya ƙoshi da shinkafa ya ce a sa masa biyu, babu wanda zai yi masa kallon banza.

Amfanin lokanta na farko shi ne kana ganin abin da za ka ci kafin ka biya. Na biyu, ana yarda da rabin faranti. Ka ce "az" kafin sunan abincin, sai a zubo maka kaɗan a rage kuɗin, ta haka mutum biyu za su ɗanɗana kala biyar ba tare da aljihu ya ji jiki ba. Na uku, kusan dukkansu ba sa sayar da giya. Inda take da rauni shi ne lokaci. Abincin rana ne, daga sha biyu zuwa biyu ake cin na kirki. Wanda ya zo bayan la'asar kanzo zai tarar, wasu ma sun fara wanke tukwane, kuma da yawa ba sa buɗewa ran Lahadi, ranar da ita kanta Kapalıçarşı take rufe. Haka kuma ba wurin zama a yi hira ba ne. Za a iya zaunar da kai tebur ɗaya da wanda ba ka sani ba, kana ajiye cokali ana ɗauke farantin.

Mai son ganin wannan girki a mafi kyawun kamanninsa ya hau jirgin ruwa daga Eminönü ya tsallaka Üsküdar, ɓangaren Asiya, ya nemi Kanaat Lokantası. Tun 1933 suke wannan aiki, a hannun iyali guda, kuma suna kaiwa dare, ba kamar ƙananan ba. Teburin kayan zaƙinsu kaɗai ya isa dalilin ƙetare ruwan. A ɓangaren Turai kuwa akwai Hacı Abdullah a Beyoğlu, wanda asalinsa ke komawa 1888. Shi ba daga uba zuwa ɗa yake tafiya ba, daga ubangida zuwa yaron da ya koya a hannunsa ake miƙa shi. Babu giya a can, wuri ne mai kamala da za ka kai surukinka, amma kuɗinsa ya fi na lokantar lungu nesa ba kusa ba. In kuma wake da shinkafa kawai kake marmari, je ka sallaci azahar a masallacin Süleymaniye, ka fito ka zauna a jerin masu waken da ke fuskantarsa. Ɗaya daga cikinsu, Erzincanlı Ali Baba, na nan tun 1924. A haɗo maka da ɗanyar albasa da kayan tsami.

Sai gidan gashi, wanda shi ne Bahaushe ya fi saurin sabawa da shi. A nan ma akwai rabe-rabe. Kebapçı zai kawo maka nama daga kicin. Ocakbaşı kuwa doguwar murhun gawayi ce a tsakiyar ɗaki, mai gashin na zaune a bayanta, kai kana gabansa, yana zare maka nama daga ƙarfe yana ɗorawa a kan gurasa. Daɗin zama ya fi a ocakbaşı, sai dai da yawa cikinsu, musamman na Beyoğlu, wuraren shan rakı ne, giyar nan tasu da ke yin fari idan an zuba mata ruwa. Kafin ka zauna duba tebura. Idan ka ga dogayen kofuna sirara da farin abu a ciki, ka san inda kake. Gidan da ba ya sayarwa yakan rubuta "içkisiz" ko "alkolsüz" a ƙofa. Mai tafe da iyali ya kuma duba rubutun "aile salonu", ɗaki ne ko bene da aka ware wa mata da iyalai, kuma Hajiya za ta fi sakewa a can.

Masu gidajen gashi mafi yawa 'yan kudu maso gabashin ƙasar ne, Adana da Urfa da Gaziantep da Hatay, kuma su ne Turkawan da suka san yaji. Kebab ɗin Adana naman tunkiya ne da aka daddatsa da wuƙa, aka haɗa da kitsen bindi da jan barkono. Na Urfa kusan shi ne, amma babu zafin. Saboda haka wanda ya ci na Urfa ya ce salam ne, shi ya zaɓi marar yajin da bakinsa. Ka nemi na Adana, ka ce "acılı", wato mai yaji, ka sa a kawo maka dakakken barkono, ko baƙin barkonon Urfa da suke kira isot. Ko da hakan kada ka sa rai da zafin attaruhu. Titin Horhor da ke Aksaray cike yake da irin waɗannan gidaje, kuma da ƙafa ake zuwa daga Laleli.

Amma in da za a ce in zaɓar wa baƙo daga Kano ko Maraɗi cin abinci sau ɗaya rak, Kadınlar Pazarı zan kai shi, a unguwar Fatih, gindin tsohuwar gadar ruwan Rumawa. Dandali ne da mutanen Siirt suka mamaye da mahautansu da shagunan zuma da cuku. Abin da ake zuwa ci shi ne büryan: rago ake ratayawa cikin rami mai zurfi da aka cika gindinsa da garwashi, a rufe bakin a liƙe, ya yi sa'o'i yana nuna da zafin ramin. Ba a sa masa komai sai gishiri. Wanda ya san balangun da ya kwana a takarda ya yi laushi zai gane shi nan take. Za a tambaye ka mai ƙashi ko marar ƙashi, mai kitse ko marar kitse. Mai ƙashin ya fi ɗanɗano. Ka je da wuri, don abin da aka fitar daga rami idan ya ƙare ya ƙare, wanda ya saura kuma ɗumame ne. Ka haɗa da ayran, kindirmon da aka dama da ruwa da gishiri. Kada ka nemi sukari, ba a sa masa.

Gidajen köfte da na pide su ne na mai sauri da mai yara. Köfte dunƙulen niƙaƙƙen nama ne da aka gasa, ana ci da kwaɗon farin wake da albasa. Fitaccen gidansa shi ne Tarihi Sultanahmet Köftecisi a kan titin Divanyolu, wanda aka kafa a 1920 kuma zuri'ar mai shi ke riƙe da shi har yau. Abin da suke sayarwa bai fi a ƙirga da yatsun hannu ba, kuma wannan ita ce alamar gidan gado a ko'ina cikin garin. A kan titin akwai wasu shaguna masu suna kusan iri ɗaya, don kalmomin "tarihi" da "meşhur", mai tarihi da shahararre, ba su da tsada wurin mai rubuta allo. Pide kuwa gurasa ce doguwa mai siffar kwalekwale da ake gasawa da cuku ko nama ko ƙwai a kai, gwanayenta 'yan gaɓar Baƙin Teku ne. Yaro ba ya ƙin ta. Shi kuma İskender, yankakken döner, wato naman da ake gasawa a tsaye yana juyawa irin na shawarma, a kan gurasa da romon tumatir da narkakken man shanu, ɗan garin Bursa ne, iyalan da ke ɗauke da sunan suna danganta shi da kakansu tun 1867. Yana da nauyi, kada ka ci shi in kana da sauran yawon kasuwa.

Gidan kifi shi ne inda baƙo ya fi yin asara. Kumkapı, unguwar gidajen kifi, na nan ƙasan Laleli, tebura a waje, fitilu da makaɗa, ga masu kira suna tare hanya. Wurin shaƙatawar masu shan rakı ne, kuma babban kifi sau da yawa da kilo ake sayar da shi, a takardar farashi ba a rubuta komai a gabansa ba. Idan har za ka ci, sa a auna a gabanka a faɗa maka jimillar kuɗin kafin ya hau wuta. Ka kuma san lokaci: daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Satumba an hana manyan jiragen kamun kifi fita, don haka kifin bazara galibi na kiwo ne ko na firiza. Kifin da suke kira palamut na kaka ne, ƙananan da suke kira hamsi na hunturu. Wanda kifi kawai yake so ba zaman dare ba, gasasshen kifi cikin burodi a bakin ruwan Eminönü ko Karaköy ya wadatar.

Ban kawo farashi da lira ba da gangan. A Oktoban 2022 hauhawar farashi a Turkiyya ta haura kashi 85 cikin ɗari a lissafin hukuma, kuma tun daga nan kuɗin faranti bai zauna wuri ɗaya ba. Abin da zai taimake ka shi ne doka: tun farkon 2024 wajibi ne gidan abinci ya kafa jerin farashinsa a bakin ƙofa. Karanta kafin ka shiga, in babu ka wuce. A jere, lokanta da pide da köfte su ne masu sauƙi, gashi na tsakiya, kifi na sama.

Abu na ƙarshe da ke rikita baƙo shi ne ƙananan farantan da ake jerawa kafin ka ce komai: salak, dakakken tumatir da barkono, gurasa mai kumburi, ruwan roba. A gidan gashin mutanen kudu yawanci kyauta ce, suna ce mata "ikram". A wuraren 'yan yawon buɗe ido kuwa za ka iya ganinsu a lissafi. Nuna farantin ka tambaya, "ikram mı?", in aka ce a'a kuma ba ka so, a ɗauke tun ba ka taɓa ba. Shayin da ake kawowa a ƙarshe cikin ƙaramin kofin gilashi a gidan iyali kyauta ne, ƙin karɓa ma ba ya yi musu daɗi. Mai gashin ka kira shi "usta", mai kawo abinci "abi", dattijuwar da ke murza gurasa "teyze". A lokanta ba a kan tebur ake biya ba, wurin dattijon da ke zaune bakin ƙofa kan akwatin kuɗi ake zuwa, galibi shi ne mai gidan ko ƙaninsa. Tukwici a irin wannan wuri canjin da ya saura ne, a gidan gashi ko na kifi kuwa kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, kuma da tsabar kuɗi, don ba kasafai ake ƙara shi a kati ba. Turaren lemon da za a miƙo a zuba maka a hannu wajen fita da sinadarin barasa ake haɗa shi. Wanda ba ya so ya ɗora hannu a ƙirji ya ce "sağ ol", za a ba shi tsumman goge hannu a maimakonsa.