White Gold: na sha dariya, amma Vincent Swan bai shiga raina ba

A Netflix na kalli White Gold, wasan barkwancin da tashar BBC Two ta fara nunawa a 2017, zango na biyu kuma ya fito a 2019. Kowane zango kashi 6 ne, kowane kashi kamar rabin awa, don haka bai ci mini data sosai ba.

An gina labarin a yankin Essex na Ingila a 1983, zamanin Firaminista Margaret Thatcher, lokacin da dokar gidaje ta 1980 ta ba masu haya a gidajen ƙaramar hukuma damar saye su mallaka. Wanda ya yi sabon gida kuwa so yake maƙwabta su gani, to a nan 'yan tallan tagogin roba masu gilashi ruɓi biyu suka samu abinci. Vincent Swan, wanda Ed Westwick ya fito a matsayinsa, shi ne uban tafiyar 'yan tallan wani kamfani mai suna Cachet. Tare da shi akwai Fitzpatrick, maƙaryaci marar ko ɗigon kunya, da Lavender, tsohon makaɗi da tausayi ke hana shi ciniki.

Inda wasan ya fi daɗi shi ne wajen cinikin kansa. Za su shiga falon mutum su zauna, su ambaci farashin da ya wuce hankali, sannan su yi ta ragewa kamar alfarma suke yi masa, ba za su tashi ba sai ya sa hannu. Kamasho ne kawai a gabansu. Vincent yakan juyo ya dubi mai kallo ya fayyace masa dabarar, kai ka ce almajirinsa ne kai. Duk wanda dillali ya taɓa yi wa romon baka zai gane wannan murmushin.

Matsalata da Vincent ce. Yana cin amanar matarsa Sam, yana zillewa masu haraji, abokan aikinsa ma bai bar su ba, kuma sau da yawa sai ya sha. Marubucin, Damon Beesley, kamar shi ma Vincent ya saye shi: kwat mai tsada, mota, kiɗan shekarun 1980 na tashi duk inda ya taka. Ina zuwa tsakiyar zango na biyu na fara jiran ranar da asirinsa zai tonu, ba don labarin ya ja ni ba, don na gaji da shi.

Dole na tuna da Del Boy, jarumin wani wasan barkwancin BBC mai suna Only Fools and Horses, wanda aka fara a 1981. Shi ma kayan bogi yake sayarwa a unguwar Peckham ta Landan, amma yawanci shi ke kwana ciki, kuma shi ya riƙe ƙaninsa Rodney bayan rasuwar mahaifiyarsu. Shi ya sa idan ya yi ƙarya kake yafe masa. Vincent ba shi da wani Rodney.

Lavender da Carol, sakatariyar ofis, su suka riƙe ni har ƙarshe. Zango na farko ya cancanci kallo, na biyu sai mai haƙuri. Akwai ashar da yawa da fitsara a fili, kada a kunna shi a falo gaban yara ko surukai.