Markab, kayak ko jirgin iska: wanne ya dace da ruwan Sabaloka?

Wanda yake son shiga mashigin Sabaloka na kogin Nilu a Sudan da filafili a hannu, ya fara tambayar kansa a wane wata zai shiga, domin amsar ita za ta nuna masa jirgin da zai saya. Sabaloka tana arewa da Khartum da kimanin kilomita 80, ana ratse mata daga hanyar Shandi. Ita ce ta shida cikin wuraren nan shida da Nilu ke karo da duwatsu tsakanin Aswan da Khartum. Ta biyu ta nutse a tafkin madatsar Aswan, ta huɗu kuma madatsar Marawi da aka buɗe a 2009 ta haɗiye ta, Sabaloka kuwa tana nan, kuma ita ce kusa da mu. A nan kogin yake matsewa tsakanin baƙaƙen tsaunuka, ya rarrabu a kan tsibirai, sannan ya sake bajewa.

Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwan yana ja baya, ya yi haske, duwatsu su fito fili. A ma'aunin da masu wasan tuƙi a ruwa mai gudu suke amfani da shi, daga mataki na 1 zuwa na 6, Sabaloka ta rani tana can ƙasa, ba ta kusa da ta Jinja a Yuganda inda ake samun mataki na 5. Agusta da Satumba kuwa wani kogi ne daban. Ruwan Habasha ya sauko ja wur da laka, ya rufe duwatsu, yana juyawa a bayansu yana jan abin da ya samu zuwa ƙasa. A irin wannan cikar ce jiragen yaƙin Kitchener, kwamandan Turawan Ingila, suka ratsa mashigin a 1898 kafin yaƙin Karari. Ruwan da ya ɗauki jirgin ƙarfe mai igwa, ɗan koyo ba shi da abin nema a cikinsa.

Markab, wato jirgin ruwa na katako, shi ne namu na gado. 'Yan uwanmu masunta na Mai Wurno da sauran garuruwan da ke bakin kogi wajen Sinnar sun san shi ciki da waje. Da icen bagaruwa ake sassaƙa shi, yana jure ruwa shekara da shekaru, yana ɗaukar kaya, in ya tsage kafinta na nan kusa. Amma yana da nauyi, ba ya juyawa da sauri, kuma bakinsa a buɗe yake: igiyar ruwa biyu ko uku in sun faɗo ciki, sai kwarfa. Kwale-kwalen Turawa mai tsawon mita 5 ya fi shi sauƙin ɗauka, sai dai matsalar buɗaɗɗen baki tana nan. Na alminiyom kuma, ban da zafin da yake ɗauka a ranar Sudan, yana maƙalewa a kan dutse maimakon ya zame. A ganina, mai son markab ya yi haya tare da mai shi, kada ya saya. Rayis, wato matuƙin markab, da ya girma a wurin ya san kowane dutse da inda ruwa ke murɗawa, wannan kuwa ba a sayar da shi a shago.

Kayak iri-iri ne, kuma a nan mutane suke asarar kuɗi. Na ruwa mai gudu gajere ne, mita biyu da rabi ko kusa da haka, an zuba shi da roba mai tauri, nauyinsa wajen kilo 20. Kamfanoni irin su Pyranha da Dagger sun yi suna a kansa. Mutum yana zama a ciki, a rufe bakin da wani zane mai roba da ya kama ƙugunsa. Babu jirgin da ya kai shi iya kewaya dutse. Sharaɗinsa shi ne ka iya tayar da shi in ya kife da kai, kanka a ƙasa cikin ruwa, ko aƙalla ka iya zare zanen ka fice ba tare da ruɗewa ba. Wannan sai da malami, kuma malaminsa ba shi da yawa a ƙasar nan. Wanda ake zama a bisansa ya fi sauƙi: in ka faɗa ruwa ka sake hawa. Dogon siririn nan na teku da ake gani a gaɓar Jidda, a bar shi can.

Jirgin iska, wanda ake hura wa iska da famfo, shi na fi karkata gare shi, ko ƙarami mai cin mutum biyu ko babba mai mita 4 da ke ɗaukar shida zuwa takwas. Yana dukan dutse ya dawo, ba ya saurin kifewa, kuma a naɗe yake shiga bayan boksi, wato a-kori-kura, abin da ke rage wahalar kawo shi daga Jidda ta Sawakin ko daga Alƙahira. Samarin unguwa ɗaya in suka haɗa kuɗi suka sayi babba guda, ya fi musu kowa ya sayi nasa ƙarami.

Sai dai a lura da abin da aka yi shi da shi. Akwai na PVC, akwai na Hypalon. PVC ya fi araha, amma rana tana cinye shi, kuma in da gam aka haɗa shi, zafin Afrilu da Mayu yana sakin haɗin. In PVC za ka saya, tambayi mai shago ko haɗin narkarwa ne. Hypalon ya fi tsada nesa, ya fi jure rana, facinsa kuma ya fi sauƙi a bakin kogi. Ka nemi mai ɗakunan iska uku ko fiye, kowanne da bakinsa, yadda in ɗaya ya fashe sauran za su riƙe ka. Ka nemi mai ramuka a gefen daɓensa da ke zubar da ruwa da kansu. Na wasan yara da ake sayarwa tare da kayan ninkaya, ko kyauta aka ba ka kada ka kai shi Sabaloka. Abu biyu kuma da mai shago ba zai faɗa maka ba: iskar da ka hura da asuba tana kumbura da hantsi, sai ka riƙa rage ta in jirgin yana kan tudu, sannan iskar hunturu daga arewa take busowa, kogin kuwa arewa ya nufa, ga jirgin iska ba nauyi, to a inda ruwa ya kwanta za ku sha tuƙi.

Kafin kuɗin jirgi, a ware na rigar ceto da hular kwano, kowa da tasa. Rigar ta kama jiki sosai; in aka ja ta daga kafaɗa ta haura kunne, ta yi yawa. Duba tambarin ISO 12402 a jikinta. Mai lamba 50 ta wanda ya iya iyo ce, wanda bai iya ba ya nemi 100 ko sama. Ƙara filafili ɗaya na ajiya, igiyar jefawa mai yawo a kan ruwa, da kayan faci. Takalmi ma dole ne, saboda duwatsun suna da kaifi, kuma kwantaccen ruwan gefe shi ne gidan tsargiya, kada a daɗe ana tsaye a ciki.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya taɓa wannan yanki sosai, musamman wajen matatar man Jaili da ke kan hanya, kuma akwai ragowar harsasai da bamabaman da ba su fashe ba a wuraren da aka gwabza. Ga kuma madatsun Rusairis da Sinnar da babbar ta Habasha, waɗanda sakin ruwansu kan sauya tsayin kogi ba tare da sanarwa ta iso ƙauye ba. Saboda haka kafin ka aika wa ɗan'uwa kuɗi Jidda, je ka zauna da masu markab na Sabaloka, ka ci soyayyar karfasa a rumfarsu, ka biya rayis ya zaga da kai mashigin. A hanya ka tambaye shi ta ina suke bi da rani, ta ina suke gudu da kaka, da kuma wace gaɓa ce ba a sauka yanzu.