Katifar iska ga wanda dajin tumbi ya kai wa tantanin ƙwaƙwalwa: ta cancanci kuɗinta?

Ba kasafai ciwon dajin tumbi yake hawa tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka ba, amma in ya hau, cikin makonni yake kwantar da mutum. Ciwon kai mai tsanani, amai, gani biyu-biyu, ƙagewar wuya, sai ƙafafu su mutu, fitsari ya daina riƙuwa. A nan Maraɗi, inda kowa ya san sanƙarau, shi ake fara zato, har sai hoton IRM (na'urar da ke ɗaukar hoton cikin ƙwaƙwalwa da laka) da ruwan da aka zuƙo daga ƙashin baya sun nuna ƙwayoyin dajin. Sau da yawa ma sai an sake zuƙa karo na biyu. Wasu ana kai su cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai don gashi, wato ƙona dajin da hasken na'ura, amma mafi yawan jinyar a gida take ƙarewa. A nan ne katifar iska ta shigo.

Aikinta ɗaya: hana gyambon kwanciya. Tana da ƙaramin inji mai tiyo biyu, yana hura rabin gidajen katifar yana sassauta rabi, yana juyawa duk bayan minti 6 zuwa 12, don kada wuri ɗaya ya daɗe a danne. Majinyacin nan ya fi kowa bukatarta, domin dajin tumbi ya riga ya rame shi, ƙashin ƙugu na taɓa fata, ga shi sau da yawa ba ya jin zafin da zai sa ya motsa.

Iri biyu ake samu a shagunan kayan asibiti. Mai ƙulle-ƙulle kamar kwalin ƙwai ta fi araha, amma siririya ce, kuma huji ɗaya ya isa ya kashe rabinta. Mai dogayen gidaje a jere, kamar 17 zuwa 20, ta fi kauri, kuma in gida ɗaya ya fashe shi kaɗai ake canzawa. Ita muka fi yarda da ita, ko da za a ƙara kuɗi.

Inda ake yawan ɓata ta shi ne shimfiɗa. Ba a ɗora ta kan tabarma ko siminti. Sai an sa katifar soso mai kaurin santimita 10 a ƙasa. A bar injin ya cika ta, minti 20 zuwa 30, kafin a kwantar da mutum. Sannan a cusa hannu ƙarƙashinta daidai ƙugu: in an ji ƙashinsa, iska ta yi kaɗan, a ƙara, in ta yi tauri kamar ganga, a rage. Zane ɗaya na auduga ya isa. Tara leda da bargo da zannuwa a kai yana rage amfaninta sosai, ya kuma tara zufa, wadda a zafin Afrilu da Mayu take jiƙa fata har ta saluɓe. Wannan shi ne babban aibinta: roba ce, ba ta numfashi.

Aibi na biyu wuta. In an ɗauke, iska takan zurare, majinyaci ya koma kan tauri ba wanda ya lura, musamman da dare. Abin sa'a, injin ba ya cin fiye da wat 10 a yawancinsu, don haka batirin sola da ƙaramin inbata suna riƙe shi har safe. Wanda ba shi da wannan, gara ya sayi soso mai kyau ya dage da juyi.

Juyin kuwa ba ya faɗuwa don an sayi katifa. Duk awa 2 zuwa 4 a karkata shi gefe kaɗan, a tokare bayansa da matashi, a sa wani ƙarƙashin ƙwauri don diddige ya yi lilo, tunda katifar ba ta kare diddige sosai. A ɗaga kansa kamar digiri 30: yana sassauta ciwon kan, yana rage shaƙewa in ana ba shi kunu ko in amai ya taso. Fiye da haka sai ya dinga zamewa, fatar ƙugu ta yage. Safe da yamma a duba ƙugu, ɗuwawu, kafaɗa da ƙeya. A baƙar fata ja ba ya fitowa, sai dai wurin ya ƙara duhu, ya yi ɗumi ko tauri. Kada a murza shi, a ɗauke masa nauyi kawai, a nuna wa malamin asibiti.

Kafin a biya, a sa mai shago ya kunna ta a gabanka minti 15, a ga gidajen suna juyawa, a tabbata akwai kayan faci a kwalin. A saye ta ranar da ƙafafu suka fara rasa ƙarfi, tun fata na lafiya lau.