Cibiyar da muka kai ƙanena kan shaye-shaye: abinda suka yi daidai, da inda suka sake mana hannu

Wata bakwai kenan da sallamo ƙanena daga cibiyar kula da masu shaye-shaye, kuma tun lokacin mutane ke ja na gefe suna tambaya ƙasa-ƙasa, wai ya wurin yake, ana dukansu ne, ana ɗaure su ne, kuma wai da gaske mutum yana dainawa? Shi yasa nace bari in zauna in rubuta gaba ɗaya. Ba zan kama sunan wurin ba, saboda akwai ƙorafi a maganata kuma akwai sirrin yaron da ya zama dole in rufa.

Kusan shekara uku yana sha a gabanmu bamu gane ba, wallahi har yau abin yana ci mun rai. Alamomin duk suna nan a fili. Bacci har rana ta take, yana zaune ana hira sai kiga kansa ya langaɓe yana gyangyaɗi, yawan sosa hanci da wuya, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance kamar kan allura ko a cikin duhu, ga rama, ga saurin fushi akan abinda bai kai ya kawo ba, sannan ƙananan kaya suka fara ɓacewa a gida, yau caja gobe dutsen guga, har agogon marigayi Baba. Umma kullum cewa take gajiyar aiki ce. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure kumfa na fita a bakinsa mun ɗauka farfaɗiya ce ta same shi da girma, sai da nazo canza masa rigar filo na tarar da katin tiramadol fiye da goma, duk an ɓalle su. Daga baya likita ya faɗa mana iyakar abinda ake yarda babba ya sha a rana miligiram 400 ne, shi kuma yana haura 1000, kuma ita tiramadol in ta yi yawa jijjiga take kawowa irin ta farfaɗiya.

Abinda ya fara burge ni da cibiyar shine ranar karɓa. Na zata za su karɓi takarda su tura shi ɗaki ne kawai, amma sai da aka kwashe fiye da awa ɗaya da rabi ana masa tambayoyi, kuma da farko fitar dani suka yi. Gaskiya naji haushi a lokacin, ni na kawo shi ni ke ta wahala dashi, ashe dabara ce, don abinda ya faɗa musu a bayan idona ba zai taɓa faɗa a gabana ba. Da yardarsa aka kira ni daga baya, nan naji abinda ya girgiza ni: ba ƙwaya kaɗai ba ce, akwai kodin, akwai giya da daddare, akwai diyazefam da yake ɗorawa don ya samu bacci. Giyar ko a mafarki bamu kawo ta ba. Sun yi masa wasu tambayoyi goma da ake kira AUDIT, Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta tsara su, maki 40 ne gaba ɗaya, daga 8 an shiga haɗari, daga 20 kuma alama ce jiki ya riga ya kamu, shi ya samu 22. Likitan yace haɗa waɗannan ukun, giya da kodin da diyazefam, yana iya kashe mutum a cikin bacci domin kowanne rage numfashi yake, in sun haɗu sai numfashin ya tsaya cak.

Ya kuma yi mun bayanin da ban taɓa ji ba. Yace ba da yawan abinda mutum ke sha kaɗai ake gane kamuwa ba, akwai alamomi 11 da likitocin ƙwaƙwalwa ke dubawa a littafinsu da aka sabunta a 2013, irin su mutum ya yi niyyar shan ɗaya ya ƙare da biyar, ya sha alwashin dainawa ya kasa, sai ya ƙara yawa kafin yaji abinda yake ji a da, in bai sha ba jiki ya rikice, ya watsar da abubuwan da yake so, yana ganin illar ƙiri-ƙiri amma ya cigaba. Biyu zuwa uku mai sauƙi ne, huɗu zuwa biyar matsakaici, shida zuwa sama mai tsanani. Ƙanena tara yake da su. An ɗebi jini an duba hanta da ciwon hanta na B da C da HIV, an gwada fitsari, duk a ranar.

Sai maganar da ta sa gwiwata ta yi sanyi. Na bashi labarin yadda watanni kafin nan na kulle yaron a ɗaki kwana huɗu, ina miƙa masa ruwa da abinda zai ci, a tunanina in abin ya fita daga jininsa shikenan. Likitan bai mun faɗa ba, ya dai ajiye biro yace Yaya ki gode wa Allah, kada ki ƙara. Yace fitar ƙwaya irin su tiramadol da kodin azaba ce, gudawa da amai da ciwon ƙashi, amma ba kasafai take kisa ba. Ita kuwa giya da diyazefam in jiki ya saba aka yanke su lokaci ɗaya, duk biyun haɗari ne, ga mai giya rawar hannu da gumi kan fara cikin awa 6 zuwa 24, jijjiga na iya biyo baya, sannan tsakanin kwana na biyu da na huɗu wani yakan rikice gaba ɗaya ya dinga ganin abubuwan da babu su, zuciya na bugu, zazzaɓi ya tashi, kuma wannan yana kashe mutum in ba a asibiti yake ba. Don Allah duk wanda ke karanta wannan yana da mashayin giya a gida, kada ku kulle shi da sunan taimako.

Sati biyun farko nan ne cibiyar ta nuna ta san aikinta. Magani suka dinga bashi suna ragewa a hankali a hankali, ana masa allurar bitamin B1 saboda giya na cinye shi kuma rashinsa na lalata ƙwaƙwalwa, duk bayan awa huɗu ana auna jini da bugun zuciya har cikin dare. Babu sarƙa, babu bulala, ban ga tabo ko ɗaya a jikinsa ba kuma na duba. Kwana na biyar aka bar ni na gan shi na minti goma. Yana zaune bakin gado ya ƙudundune cikin bargo alhali ni gumi nake, hamma yake ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba, ido na hawaye, ƙafafunsa sun ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ya kama hannuna da hannu biyu yace Yaya ki fitar dani daga nan, wallahi tallahi na daina, ba zan ƙara ba. Saura kaɗan in ce a haɗa masa kayansa. Wata nas mai ɗan shekaru ta biyo ni waje ta dafa kafaɗata tace ƙanwata ki daure, duk wanda ya zo nan haka yake cewa a satin farko, ba shi bane ke magana ciwon ne, ki dawo nan da kwana goma ki gani. Na dawo kuma na gani, ya yi wanka ya yi aski yana cin abinci, har ya tambayi Umma.

Shirin nasu na wata uku ne, kuma sun ce bincike ya nuna abinda bai kai kwana 90 ba amfaninsa kaɗan ne. Bayan jiki ya lafa sai aka shiga ainihin aikin, zaman rukuni kullum da safe, zama shi kaɗai da mai bada shawara sau biyu a sati, ga wani ɗan littafi da yake rubuta duk lokacin da sha'awar ta taso masa, ina yake, da wa yake, me ya faru kafin nan. Ta haka ya gane nasa abubuwan guda uku ne, kuɗi a aljihu, rashin bacci, da wani aboki guda ɗaya. Ta haka kuma aka gano ciwon damuwa ne kwance a ƙasa tun rasuwar Baba, ƙwayar ma ciwon baya ne ya fara kai shi gare ta saboda ɗaukar kaya a wurin aiki, ya ji tana ɗauke masa ciwon bayan har da na zuciya. Suka haɗa masa da maganin damuwar, wanda a ganina da an bar wannan ɓangaren da duk aikin banza ne. Mai bashi shawarar shi kansa tsohon mashayi ne da ya shekara goma sha ɗaya bai taɓa ba, shine ya saka ƙanena a tsarin matakai 12 na daina sha na Narcotics Anonymous, ƙungiyar masu matsalar ƙwaya da ke taimakon juna su daina, wadda aka kafa a 1953, ita kuma ta samo tsarin daga Alcoholics Anonymous, irinta ta masu matsalar giya, da Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka fara a garin Akron na Amurka a 1935. Ƙanena yace mutumin nan ne kaɗai ba ya iya yi wa ƙarya, kafin ya gama shirya ta ya riga ya san inda za ta ƙare.

Zaman iyali na ranar Asabar shima na yaba masa sosai. Nan aka nuna mana yadda ƙwaya ke mamaye hanyar sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa har abubuwan jin daɗi na yau da kullum su daina yi wa mutum ɗanɗano, kuma nan Umma ta fashe da kuka ta faɗi da bakinta cewa tana bashi kuɗi a ɓoye duk sanda na hana, don kar ya je ya yi sata. Babu wanda ya zarge ta, sun dai nuna mata yadda za ta ce a'a ba tare da ta ji ta yar da ɗanta ba.

To yanzu ga inda raina ya ɓaci. Ƙananan dai zan wuce su da sauri: wayarsu ka kira sau biyar ba a ɗauka ba, bayan sati biyun farko likita sau biyu kawai yake leƙowa a sati, ma'aikatan dare sun yi kaɗan, kuma akwai wani mai gadi da naji da kunnena yana ce musu 'yan ƙwaya, a wurin da aka ce an zo gyara mutuncinsu. Akwai kuma magunguna irin su metadon da bufurenofin da ake ɗora masu matsalar irin su kodin a kai na dogon lokaci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka su a jerin muhimman magunguna tun 2005, da naltirekson da ke rage sha'awar giya, ko da ba su dace da shi ba ai ya kamata a zaunar damu a faɗa mana akwai su, amma ko sau ɗaya ba a ɗauko zancen ba.

Babban laifin shine ranar sallama. Takarda ɗaya aka miƙo mana da ranar dawowa bayan wata guda, aka yi musabaha aka ce Allah ya kiyaye gaba. Babu wanda ya ce mana wanda ya yi wata uku bai sha ba jikinsa ya koma kamar na sabon shiga, adadin da yake sha a da yana tafiya da ƙafarsa yanzu shi zai iya kashe shi. Babu wanda ya ambaci nalokson, maganin da ke farfaɗo da wanda irin waɗannan ƙwayoyin suka danne wa numfashi. Sati shida da dawowarsa ya haɗu da abokin nan. Da asuba Umma taji wani irin minshari daga ɗakinsa wanda ba irin nasa ba, kamar ana shaƙe shi, muka shiga muka same shi leɓensa ya yi duhu, numfashi ɗaya sai an jima kafin wani ya biyo, ina jijjiga shi ina kiran sunansa ko motsi. A sashen gaggawa na wani asibiti aka sa masa iska aka yi masa allurar nalokson, cikin 'yan mintuna ya buɗe ido. Likitan wurin ne, wanda bai taɓa ganinmu ba, ya yi mana bayanin da cibiyar da ta riƙe shi kwana 90 ta kasa yi a minti biyar. Wannan ba zan iya yafe shi da sauƙi ba, don da Umma mai nauyin bacci ce da yanzu wani labarin ake.

Na koma cibiyar da zafina, kuma adalci shine in faɗi yadda suka karɓe ni. Ba su kare kansu ba, shugabar wurin ta ce kuskuren nasu ne, kuma ba su kunyata yaron ba. Mai bashi shawara ya riƙe shi yace ka faɗi ne, yanzu mu duba a ina ƙafar ta zame. Ya ce mun cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka ta ƙiyasta kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani kan koma sha, kusan kamar yadda masu hawan jini ko asma ke samun ciwonsu ya tashi, don haka komawa alama ce ta a gyara maganin. Suka sake riƙe shi sati biyu, sannan suka tsara masa zuwa duk sati daga gida, abinda tun farko ya kamata a yi.

In don maki ne uku da rabi zan basu cikin biyar, kuma eh zan iya cewa a kai mutum, musamman mai haɗa giya da ƙwaya wanda fitar abin a gida haɗari ne gare shi. Amma kafin ku sa hannu ku tambaya ko akwai likita da nas a wurin cikin dare, ku tambaya ko suna duba ciwon damuwa tare, kuma ku sa su rubuta muku abinda zai faru bayan sallama tun ranar da kuka kawo shi, kar ku bari sai ranar fita.

Yanzu wata biyar kenan bai taɓa komai ba. Duk Alhamis yana zuwa zaman rukuni, nalokson ɗin da muka samo ta hannun likitan gaggawan nan yana cikin durowar ɗakin Umma kuma ni da ita duk mun koyi yadda ake amfani dashi. Satin da ya wuce na miƙa masa katinsa na banki nace ko zai karɓa tunda ya koma aiki, ya kalle shi ya daɗe sannan yace Yaya ki ƙara riƙe mun tukuna.